Daga Soweto Zuwa Taraba: Fashin Baƙi Kan Chidimma Adetshina da Gasar Sarauniyar Kyau ta 2024

Wajen asubahin Lahadi, 17 ga Nuwamban 2024, lokacin da ladanai ke kiran sallah a Kano da Jalingo, a birnin Meksiko dare bai kai ga rabawa ba. 'Yan mata biyu ne suka rage a tsaye a kan dandamali, sun riƙe hannun juna, suna jiran a kira sunan ɗaya. Ta farko Victoria Kjær Theilvig ce 'yar Denmak, mai shekara 21. Ta biyun kuma ƙyallen da ke rataye a kafaɗarta sunan Najeriya ne a jikinsa. Aka kira 'yar Denmak, aka ɗora mata kambin Miss Universe karo na 73, wanda ƙasarta ba ta taɓa samu ba. Chidimma Adetshina ta zo ta biyu cikin mata 125.

Bayanta sai María Fernanda Beltrán ta masu masaukin baƙi, sai Suchata Chuangsri ta Tailan, sai Ileana Márquez ta Benezuwela. An kuma naɗa Chidimma sarauniyar nahiyoyin Afirka da Oshiniya. Tun da Najeriya ta fara tura wakiliya wannan gasa babu wadda ta kai nan. Agbani Darego ta shiga cikin goman farko a 2001, kafin ta je ta lashe ɗaya babbar gasar, wato Miss World, a wannan shekarar. Wani abin mamaki shi ne Agbani ta ci nata kambin ne ranar 16 ga Nuwamban 2001, a Sun City ta Afirka ta Kudu. A shekarar ce kuma aka haifi Chidimma a Soweto, a wannan ƙasar dai.

To, yarinyar da aka haifa a Soweto, ta girma a birnin Cape Town, wadda har zuwa farkon watan Agusta take neman kambin Afirka ta Kudu, ta yaya cikin wata uku ta koma wakiliyar Najeriya, ta hanyar jihar Taraba kuwa?

Sai an fara sanin wace irin kasuwa ce wannan. Asalin Miss Universe tallar kayan ninƙaya ne. Wani kamfanin saƙa a Kalifoniya mai yin kayan ninƙaya samfurin Catalina yana cikin masu ɗaukar nauyin gasar Miss America, har ranar da wadda ta ci gasar ta 1951, Yolande Betbeze, ta ce ita kam ba za ta sa kayan nan a ɗauke ta hoto ba. Kamfanin ya yi fushi, ya janye kuɗinsa, ya kafa tasa gasar a garin Long Beach a 1952, wata 'yar Finlan mai suna Armi Kuusela ta zama ta farko da ta ci. Daga nan gasar ta riƙa sauya hannu kamar kowace kadara. Donald Trump ya riƙe ta daga 1996 zuwa 2015. A 2022 kamfanin JKN na Tailan ya saye ta kan dala miliyan 20, bashi ya yi masa katutu, a farkon 2024 ya sayar da rabi ga wani attajirin Meksiko, Raúl Rocha Cantú. Wanda ya ji haka ba zai yi mamakin cewa a Meksiko aka yi gasar 2024 ba.

Babu gwamnatin da ke tura 'yar takara. A kowace ƙasa akwai wani mutum ko kamfani da ya sayi lasisi, yana biyan kuɗi, shi kuma ya shirya ƙaramar gasa a gida ya zaɓi wadda zai tura. A Najeriya kamfanin Silverbird na gidan Murray-Bruce ne ke riƙe da shi. Kuɗi kan shigo ta lasisin nan, da gidajen talabijin, da masu talla, da ƙuri'un da masu kallo ke saya ta manhaja. Kyawawan mata kuwa duniya cike take da su, babu wanda zai raba dare yana kallonsu kawai don suna da kyau. Abin da ke hana mutum barci a Manila ko Karakas shi ne sunan ƙasarsa da ke rataye a kafaɗar yarinyar. Tuta kamfanin yake sayarwa. Duk wanda ya sayar da tuta kuwa, wata rana sai an tambaye shi wa ya cancanci ɗaukarta.

Don kasuwar ta faɗaɗa aka yi ta sassauta sharuɗɗa. Da can sai budurwa wadda ba ta taɓa aure ko haihuwa ba, tsakanin shekara 18 da 28. Daga 2023 aka buɗe wa matan aure da zawarawa da masu 'ya'ya ƙofa, daga 2024 aka cire iyakar shekaru ta sama. Shi ya sa a Meksiko aka ga wakiliyar Malta mai shekara 40, kuma cikin biyar ɗin farko biyu iyaye ne, 'yar Benezuwela da ita Chidimma, wadda ke da ɗa guda. Da a ƙarƙashin tsohuwar doka ne, da wannan labari bai ma taso ba. An kuma ga Khadija Omar ta Somaliya da hijabinta.

Mu a arewa, maganar gasar kyau ba ta zuwa mana da daɗin ji, kuma da dalili. Bayan nasarar Agbani aka kawo Miss World Najeriya a 2002, aka fara sauke 'yan takara ana cikin azumi, wata jarida ta buga rubutun da ya taɓa martabar Manzon Allah (SAW), Kaduna ta kama da wuta, mutum fiye da 200 suka rasa rayukansu. Aka kwashe 'yan matan zuwa Landan, inda 'yar Turkiyya Azra Akın ta ci. Ko a 2021 da Shatu Garko 'yar Kano ta zama Miss Nigeria da lulluɓinta, ba a kwashe da daɗi ba, har Hukumar Hisba ta ce za ta gayyaci iyayenta. Ni ma ba na cikin masu ganin jera mata a dandamali ana ba su maki wani abin tinƙaho ne. Sai dai abin da ya faru da Chidimma ya wuce maganar ado da kwalliya, kuma ya shafe mu fiye da yadda muke zato.

Mahaifinta ɗan Najeriya ne, Ibo daga jihar Inugu. A lokacin mahaifiyarta tana da katin shaidar zama 'yar Afirka ta Kudu, amma asalin danginta Mozambik. Ita kuma ɗalibar koyon aikin lauya ce mai shekara 23 lokacin da ta shiga gasar Miss South Africa. A watan Yuli, da aka fitar da sunayen waɗanda suka kai zagayen ƙarshe, sai sunanta ya tsaya wa mutane a maƙogwaro. Ba sunan Zulu ba ne, ba na Xhosa ko Sotho ba. Daga nan wani bidiyo ya ɓulla inda take murna tare da dangin mahaifinta cikin shigar 'yan Najeriya. Shafukan sada zumunta suka ɗauka, aka buɗe takardar koke dubbai suka sa hannu a cire ta. Ministan wasanni da al'adu, Gayton McKenzie, wanda jam'iyyarsa ta Patriotic Alliance ta yi yaƙin zaɓenta kan korar baƙi marasa takardu, ya fito ya ce bai kamata 'yan Najeriya su shiga gasar ƙasarsu ba. Julius Malema na jam'iyyar EFF yana cikin 'yan ƙalilan da suka tsaya mata.

A lura da jerin yadda abin ya zo, domin nan ne mutane da yawa ke rikicewa. Duk wannan hayaniya an yi ta ne kafin kowa ya san akwai wata matsala a takardu. Sai daga baya masu shirya gasar suka nemi Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta duba. Ranar 7 ga Agusta ma'aikatar ta ce binciken farko ya nuna akwai alamar cewa matar da aka rubuta a matsayin mahaifiyarta ta yi amfani da shaidar wata 'yar ƙasar a 2001, kuma matar da aka yi wa haka ta sha wahala, har ta kasa yi wa nata ɗan rajista. Ma'aikatar ta ƙara da cewa Chidimma ba ta da hannu, tunda jaririya ce a lokacin. Washegari ta janye daga gasar, ta ce saboda tsaron lafiyarta da ta danginta. Kwana biyu bayan haka aka naɗa Mia le Roux, mace ta farko mai lalurar ji da ta ci gasar.

Me ya sa takardar uwa za ta rusa ta 'ya? Mutane da dama sun ɗauka duk inda aka binne cibiyarka nan ne ƙasarka, kamar yadda ake yi a Amurka. Dokar zama ɗan ƙasa ta Afirka ta Kudu ta 1995 ba haka ta ce ba. A lokacin da aka haifi Chidimma, sai ɗaya daga cikin iyayen ya kasance ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin kafin jaririn ya samu. Ke nan 'yancinta a rataye yake da na iyayenta, in igiyar sama ta tsinke, duk abin da ke ƙasa sai ya faɗo. Najeriya ita ma jini take bi. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a waje, muddin ɗaya daga iyayensa ɗan Najeriya ne, to shi ma ɗan ƙasa ne tun daga haihuwa, kuma an yarda ya riƙe fasfo biyu. Saboda haka babu wata alfarma da Najeriya ta yi mata a fuskar doka. Tun ranar da ta zo duniya 'yar Najeriya ce, ba ta dai zauna a cikinta ba.

Adalci shi ne a ce 'yan Afirka ta Kudu suna da abin faɗa. Satar shaidar mutum ba ƙaramin laifi ba ne, kuma idan zargin ya tabbata akwai wata baiwar Allah da aka cuta shekara da shekaru, wadda babu wanda ya tara mata jama'a a intanet. Amma masu ihun farko ba su san da ita ba. Suna suka gani suka yanke hukunci, bincike ya zo daga baya ya ba su abin riƙewa. Shaidar hakan ita ce ba Chidimma ce ta farko ba. Melissa Nayimuli, wadda mahaifinta ɗan Yuganda ne, ta sha irin wannan zagi a gasar, alhali babu wanda ya taɓa samun aibi a takardunta. Vanessa Carreira kuwa, farar fata wadda iyayenta Turawan Fotugal ne da suka zo daga Angola, ta ci gasar a 2001 babu wanda ya tara mata taro. Baƙon da ake ƙyama a can yawanci baƙar fata ne ɗan Afirka.

Ruwa ba ya tsami banza. Ƙasa ce da kusan mutum 1 cikin 3 na masu neman aiki ba shi da shi, shekara 30 bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata, kuma arziki har yau yana hannun 'yan tsiraru. Talakan Soweto ba ya iya kaiwa ga masu ma'adinai da bankuna, amma mai shagon bakin layi ɗan Somaliya ko Zimbabuwe yana kusa. A Mayun 2008 an kashe mutum 62 a tarzomar ƙyamar baƙi da ta faro daga unguwar Alexandra. An sake a 2015, an sake a 2019, lokacin da jiragen Air Peace suka kwaso ɗaruruwan 'yan Najeriya kyauta, fusatattun matasa kuma suka far wa shagunan Shoprite da ofisoshin MTN, kamfanonin Afirka ta Kudu, a nan gida. 'Yan Najeriya ba su ne mafi yawan baƙi a can ba, 'yan Zimbabuwe da Mozambik da Lesotho sun ninka su, amma su aka liƙa wa tambarin ƙwaya da damfara, kuma ba za a ce 'yan uwanmu marasa jin magana ba su taimaka wajen samun wannan suna ba. Ga kuma kishin sauri tsakanin ƙasashen biyu a kan kiɗa, da tattalin arziki, da ƙwallo. Wata shida kafin wannan rikici Super Eagles suka fitar da Bafana Bafana a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka da bugun fenariti. Abin ya kai ga shirme a ƙarshen Agusta, lokacin da matasan ƙasashen biyu suka riƙa kiran direbobin Bolt, manhajar kiran motar haya, na ƙasar juna ta waya suna sa su yawon banza, har kamfanin ya toshe hanyar. Talakan direba a Legas da takwaransa a Johannesburg su suka ƙona mai.

A nan ne 'yan Najeriya kan ɗauko tarihi, kuma suna da gaskiya. Ma'aikatan gwamnati sun ba da wani kaso na albashinsu a asusun tallafa wa masu yaƙi da wariya da aka kafa a 1976. Thabo Mbeki ya zauna a Legas yana wakiltar jam'iyyar ANC. Ɗan Masanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, ya shugabanci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariyar launin fata a zamanin Shagari. Matashin da aka haifa bayan 1994 bai san wannan ba, kuma ko ya sani, ba zai sa masa tukunya a wuta ba.

Ga Silverbird kuwa faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Gasarsu ta Miss Universe Nigeria, wadda yawancin 'yan Najeriya ba su san ana yi ba, sai ga ta da 'yar takarar da duniya ke magana a kanta. Suka aika mata goron gayyata, ta amsa, ta shigo bayan sauran sun riga sun yi nisa, ta ci ranar 31 ga Agusta a Legas. Wasu sun yi gunaguni cewa an yi wa 'yan matan da suka bi layi tun farko rashin adalci, kuma ba na jin gunagunin nasu banza ne. Tausayi da fushin ƙasa sun yi aiki a zaɓen. Sai dai abin da ta yi a Meksiko, gaban alƙalan da ba ruwansu da rigimarmu, ya rufe bakin masu cewa tausayi kaɗai ya kai ta.

Jihar da aka rataya mata a Legas ita ce Taraba. Ba jihar ubanta ba ce, ba ta uwarta ba. Ba kuma wani sabon abu ba ne, an daɗe a gasannin Silverbird ana raba wa 'yan matan kudu sunayen jihohin arewa, tunda ba a cika samun masu fitowa daga can ba. Babu wanda ya damu, don ƙyalle ne kawai, babu albashi ko kujera a bayansa. To amma a ce Chidimma ta ɗauki abin da gaske, ta tare a Jalingo, ta haifi 'ya'ya a can, ɗanta ya girma ya nemi tallafin karatu na jiha ko gurbin aiki a kason Taraba. Abin da za a fara tambayarsa shi ne takardar indijin, a ce ya koma ƙaramar hukumar kakansa a Inugu ya karɓo. Haka ake yi wa jikan Ibon da aka haifi ubansa a Sabon Garin Kano. Haka ake yi wa Bahaushen da kakanninsa suka zo Jos tun zamanin haƙar kuza, kuma kowa ya san jinin da aka zubar a kan wannan tambaya tun daga Satumban 2001. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Mun yi wa Afirka ta Kudu ca a kan ta hana 'yar da aka haifa a ƙasarta, alhali mu tsakanin jiha da jiha muke yin haka, da hatimin gwamnati.

Har na tsakanin ƙasa da ƙasa mun taɓa yi. A Janairun 1980 jami'an shige da fice suka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, suka kai shi suka ajiye a Chadi, wai mahaifinsa ɗan can ne. Kowa ya san laifinsa na gaskiya shi ne yana jam'iyyar GNPP kuma bakinsa ya yi wa masu mulki kaifi. Sai da babbar kotun Maiduguri ta tabbatar da cewa ɗan Najeriya ne, domin mahaifiyarsa 'yar ƙasa ce. Shekara uku bayan haka gwamnatin Shagari ta kori baƙi fiye da miliyan 1, yawancinsu 'yan Gana, abin da ya bar mana sunan jakar nan ta Ghana Must Go da har yau muke zuba kaya a ciki. Ita ma Gana ta riga mu, a 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice, mutanen zango da dama da ba su san wata ƙasa ba sai ita suka ɗaure kayansu. A duk waɗannan, sai tattalin arziki ya matse ko siyasa ta yi zafi ake tuna cewa kakan wane daga wani wuri ya zo.

A ƙarshen Oktoba, tana shirin tafiya Meksiko, jami'an Ma'aikatar Cikin Gidan Afirka ta Kudu suka shaida wa kwamitin majalisar dokoki cewa za su soke katin shaida da takardun tafiya na Chidimma da mahaifiyarta, saboda ba su kawo hujjar da za ta hana a yi hakan ba cikin wa'adin da aka ba su. Ita kuwa Mia le Roux, wadda ba ta da laifin kowa a cikin rigimar, ta je Meksiko ta yi makonni ana shiri da ita, sai ana gab da ranar ƙarshe ta janye saboda rashin lafiya. Afirka ta Kudu, wadda ta ci wannan kambi sau uku, a 1978 da 2017 da 2019, ba ta da wakiliya a dandamalin a daren.